Korau Ya Saita Dutse

Mutum uku ne suka rage a gidanmu na Kan Tsauni: Iya, da ƙanena Korau, da matarsa Tabawa. Ni tuni na sauka gindin dutse na buɗe garejin gyaran babura, daga sallah sai sallah nake hawa. Korau dai Allah Ya ba shi ƙarfin mutum biyu, amma magana yadda ka faɗe ta haka yake ɗaukarta, ko wasali ba ya cirewa. Iya kuwa ciwon baya ya sa ta gaba, likita ya ce a riƙa kawo ta asibiti duk wata. Hanyar garinmu ba ta mota ba ce, duwatsu ne da ramuka, babur kaɗai ke bi. Ranar da Korau ya fara sauko da ita, ta iso tana hawaye, ta rantse ita da babur har abada. Tun daga nan burin Korau ya zama ɗaya tak, ya sauko da Iya ba ta ce wash ba.

Wata rana ya turo mini babur ɗinsa gareji. Na danna sirdin, ya nutse bai taso ba. Na nuna masa shokar baya, wato ƙarfen nan mai sifirin da ke shanye girgiza, na ce, "Kai, ai wannan ta mutu tuntuni."

Ya cire hula. "Yaushe, Yaya?"

"Ina na sani? Cire ta ka tafi da ita, jibi ka dawo a sa wata."

Jibin bai zo ba, gata ma shiru. Da na aika a dubo, ashe ya naɗe ta da tsumma ya binne bayan rumbu, ya shimfiɗa tabarma ƙofar gida zai yi zaman makoki na kwana uku. Har tsofaffi biyu sun zo sun zauna kafin su tambayi wa ya rasu. Na yi dariya har na riƙe ciki, kuma duk wanda ya shigo gareji a makon sai da na ba shi labarin.

Wata rana na ɗaura masa sabuwa. Irin wannan shokar mataki biyar gare ta. In ka sassauta da yawa, babur ya riƙa dukan ƙasa a rami. In ka ɗaure da yawa, ya riƙa wurgi da na baya, a hawa kuma gaba ya ɗaga. Sai an ga iya nutsewar da yake yi in an hau kafin a san matakin da ya dace. Na ce, "Hau ka zauna, kada ka motsa sai na kawo ma'auni." Ina shiga ciki wani abokina ya ja ni ɗaurin aure, daga can aka zarce cin tuwo. Wallahi na manta da shi sam. Sai bayan la'asar na dawo, an yi ruwa an ɗauke, na tarar da shi a kan sirdi sharkaf, yana rawar sanyi.

Ya ce, "Yaya, ƙuda ya sauka a hancina sau huɗu, amma ban motsa ba."

Maimakon in ba shi haƙuri, sai na hau shi da faɗa don kada a ga laifina. Ya gama ji, sannan ya tambaya ko yanzu Iya za ta iya hawa.

Wata rana ya ce gaban babur na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ko duba shi ban yi ba, hannuna na cikin wani injin. Na ce, "Shokar gaba ce ta bushe. Ba ta mai ta sha." Ya koma gida ya juye man gyaɗan da Tabawa ta wuni tana matsa a kwano, ya ajiye gaban taya, ya tsuguna yana lallashi. Washegari ya sauko da murnarsa.

"Ta sha, Yaya! Kunya ce da ita. Sai da na juya baya ta shanye tas."

Karen maƙwabta ya yi kwana biyu yana zawo, Tabawa ta yi kwana uku ba ta yi wa mijinta magana ba. Ni da zan zare noti biyu in zuba man da kaina kafin a sha kofin shayi, ban yi ba.

Wata rana na ce masa saiti ba ya yiwuwa sai da nauyin wanda za a ɗauka. Tunda Iya ta ƙi hawa, ya samo buhun masara daidai nauyinta. Na ce, "Ka ɗauke shi a matsayin Iya, ka sauko da shi mu gani." Ai kuwa ya yi. Ya yafa wa buhu gyale, ya ɗaure shi da zani a bayansa, duk ramin da suka faɗa sai ya waiwaya ya ce, "Sannu, Iya." Bai tsaya gareji ba, ya zarce asibiti, ya zaunar da buhu a benci ya shiga layin kati. Sai da ma'aikaciya ta ɗaga gyalen ta kurma ihu. Da ya iso wurina buhun ya yage ta ƙasa, rabin masarar ta tsiyaye a hanya, kaji na biye da shi. Ya dubi yagewar ya daɗe, ya ce, "Da Iya ce, nan ne bayanta." Wannan karon ko yaƙe ban iya ba.

Muka gwada mataki na ɗaya har na biyar, muka rage iskar taya, muka ɗora katifa a sirdi. Duk buhun da ya sauko sai ya yage. Iya ta tsallake wata biyu ba ta ga likita ba. Saƙo ya zo mini daga gare ta, kuma da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana: "A gaya wa mai gareji ya bar wahalar da yaron nan, na haƙura." Raina ya ɓaci, kuma a kan Korau na huce. Da ya sake turo babur na wurgar da sifana na ce, "Ni na gama! Babur lafiyarsa ƙalau. Dutsen ne ba shi da saiti. In ka isa, je ka saita dutsen!"

Ya ɗaga kai ya dubi tsaunin tun daga ƙasa har sama. "Da sifana mai lamba nawa, Yaya?"

"Da guduma!" Gareji ya kwashe da dariya.

Wata rana masu saukowa suka fara kawo labari: Korau na can yana dukan dutse. Ya fara daga ƙofar gidanmu. Inda ya yi tsini ya farfasa, inda ya yi rami ya cike da tsakuwa ya daɓe, inda ruwa ke yanka hanya ya haƙa masa magudana. In ya gama taku ashirin sai ya ɗauko buhu ya gwada, in ya ji girgiza ya koma. Tabawa ce ke kai masa fura. Mutane na wucewa suna tsokana, "Korau, mataki na nawa ka sa shi?" Shi kuma ya amsa da gaskiyarsa, "Na biyu. Har yanzu da tauri." Daga bakin gareji ina jiyo ƙarar gudumar, ƙwal, ƙwal, tana matsowa kullum. Wata huɗu ina jin ta. Ban hau ko sau ɗaya ba, don kunyar a ce bakanike ya bi wawa fasa dutse.

Wata rana da hantsi sai ga babur ya gangaro a hankali. Ba buhu ba ne a baya. Iya ce, ɗaure da zani, ta kwantar da kai a kafaɗar Korau tana barci. Ya kashe injin, ya ɗora yatsa a baki. Can ta buɗe ido ta ce, "Af, har mun tashi?"

Likita ya duba ta ya daɗe, ya ce ina ma an kawo ta tun farkon damina. Sau biyu kacal Iya ta bi gyararriyar hanyar nan kafin Allah Ya karɓi abinSa. Na sha yin lissafin a raina: mu biyu ne, ga ni da abokai da kayan aiki. Abin da ya ci wata huɗu, da wata ɗaya ya ishe shi. Wannan ba zai bar ni ba har in mutu.

Bayan addu'ar bakwai na sake jiyo gudumar. Na rufe gareji na hau da ƙafa, na same shi a kwanar ƙarshe yana ta duka, tafin hannunsa duk ya tsattsage. Babura na wuce shi ɗauke da mata da kaya, ba mai tsokana yanzu.

Ya ce, "Yaya, ba ka zo ka auna ba. Ya saitu, ko in ƙara?"

Ashe ni yake jira. Da ƙyar na ce, "Ya saitu, Korau. Ajiye gudumar nan haka."

Ya ajiye ta nan take a gefen hanya, ƙotar na kallon sama. Shekara shida ke nan tana wurin. Shi bai ɗauka ba, tunda ban ce ya ɗauka ba, ni kuma har yau ban ga hannuna ya isa ya taɓa ta ba.