Ranar da Na Binne Malam Garba da Ransa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi in gode wa malamina da Turanci ba. Ko ma na so in manta, mutanen Kusada ba za su bar ni ba.

Ni tela ne, shagona na bakin kasuwar Kankia, amma asalina mutumin Kaikai ne. Karatuna a aji shida ya tsaya. Sai da na haura arba'in sannan kwaɗayin Turanci ya kama ni, dalili kuwa wani ɗan bautar ƙasa ne daga kudu da ya kawo mani yadi. Ya yi ta bayani ina ta gyaɗa kai ina cewa "yes, yes", ya dawo bayan mako ya tarar na ɗinka mashi jamfa har gwiwa, alhali shi wando biyu ya ce. Daga nan na shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar, kwana uku a mako, wurin wata Malama Rabi mai haƙuri kamar ƙasa.

A wata na huɗu ta koya mana yadda ake godiya, ta ce kowa ya zaɓi mutum guda da ya gyara mashi rayuwa ya rubuta mashi layi uku. Layi uku kacal ta ce (ku riƙe wannan, don a nan na fara kauce hanya). Ni ban ko yi dogon tunani ba, Malam Garba na zaɓa. Shi ya koyar da ni a firamare a Kusada, shi ne kuma ya riƙo hannuna ya kawo ni Kankia wurin wani abokinsa tela lokacin da ta tabbata ba zan shiga sakandare ba. Ana cikin haka sai ga labari Malam ya yi ritaya, tsofaffin ɗalibansa za su yi mashi walimar sallama ran Asabar a filin makarantar. Na ce to, Allah ya haɗa. Na aika a saka sunana cikin masu jawabi, na kuma ƙara da cewa da Turanci zan yi.

Da na zauna na rubuta layi ukun, sai na ga sun yi mani kaɗan. Wai a ce likita zai yi magana, lauya zai yi magana, ni kuma in tashi da abin da bai kai tsawon zip ɗin wando ba? Sai na ɗauko waya, na haɗa kalmomi uku da na sani, malami da godiya da tafiya, na buga. Nan take ta zubo mani jawabai. Na zaɓi wanda ya fi tsawo, mai hoton fure da kyandir a samansa. Na ce lallai masu wannan sun san darajar malami, har da fure.

Ba wai ban karanta ba fa. Na karanta, na kuma fahimta, irin fahimtar da makaho ke yi wa giwa. Na ga inda aka ce ya tafi wuri mafi kyau, na ce gaskiya ne, ai Malam ya gama gininsa a Kankia, zai bar gidan haya. Na ga inda aka ce Allah ya ba shi hutu, na ce mai ritaya me yake nema in ba hutu ba? Akwai inda aka ambaci mata guda da 'ya'ya uku, na sa biro na gyara ukun ya koma tara, don kada in yi wa Malam ƙarya a bainar jama'a. Kalma guda ce ta ɗan tsaya mani, wato "late", don na san ta a matsayin latti. Amma na lallashi kaina da cewa wataƙila haka Turawa ke kiran wanda ya daɗe a bakin aiki.

Kwana biyar ina hadda, ina taka keken ɗinki ina maimaitawa. Mai ɗakina Hadiza, wadda ta gama sakandare, ta ji ni ina gunaguni a bayan ɗaki ta ce in kawo takardar ta duba mani. Na ce mata ta ji da tukunyarta, wannan Turancin manya ne. Malama Rabi ma na ɓoye mata, wai so nake ta ji labari daga bakin mutane ta yi alfahari da ni. (Ta ji kuwa. Tun kafin in dawo Kankia ta ji.)

Ran Asabar na ci ado da farar shadda da na ɗinka musamman, na hau babur sai Kusada. An kafa rumfa, an jera kujeru. Layin gaba malamai ne da 'yan boko, baya kuma iyaye da dattawa daga garuruwan Kaikai da Bauranya da Boko, har da wasu Fulani da Malam ya koyar da 'ya'yansu. Malam Garba na zaune a tsakiya da ƙaton rawani da bai saba da shi ba, yana ta gyara shi. Likita ya yi magana, da Hausa. Lauya ya yi, shi ma da Hausa. A raina na ce, ashe ma filin nawa ne.

Aka kira ni. Na karɓi lasifika, na gyara murya, na buɗe da cewa mun taru yau ne cikin baƙin ciki don tunawa da "our late teacher, Malam Garba".

Layin gaba ya yi tsit. Wani malami da ke shan lemo ya tsaya da kwalbar a baki. Ni kuwa na ɗauka Turancin ne ya ratsa su, sai na ƙara ƙaimi. Na ce ya bar mu lokacin da muka fi bukatarsa. Na ce ba za mu sake ganin murmushinsa ba (yana zaune taku huɗu daga inda nake, yana kallona ta saman tabarau). Na ce ya bar mata guda da 'ya'ya tara. Mutanen baya, da ba su jin ko kalma, duk inda na numfasa sai su tafa. Wani dattijo daga garinmu har yana cewa a ji ɗan Kaikai yana zuba Turanci kamar rediyo. Mai gabatarwa ya matso yana jan gefen rigata, na ture hannunsa, na zaci lokaci yake ce mani ya ƙare.

Da na zo ƙarshe, ni kaina abin ya taɓa ni. Na ce, "May his soul rest in peace," wato Allah ya jiƙansa, kamar yadda na gane daga baya, sannan na karanto layin da ke cewa kowa ya tashi tsaye a yi shiru na minti guda. Kalmar tashi tsaye dai na san ta sarai, don haka na ɗaga hannu na yi wa jama'a alama. Mutanen baya suka miƙe ɗuu. Na gaba suka kalli juna. Can sai Malam Garba ya dafa kujera, ya miƙe a hankali, ya harɗe hannuwa, ya sunkuyar da kai kamar kowa.

Wata malama ce ta fara fashewa, sauran suka bi. Likita har da dafa ciki. Mai gabatarwa ya raɗa mani a kunne cewa ta'aziyya na karanta, ta mamaci, "late" ɗin nan kuma marigayi take nufi. Wallahi na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba. Gumi ya jiƙa shaddar nan sharkaf, takardar ta manne mani a tafin hannu.

Malam ya miƙo hannu ya karɓi lasifikar. Ya fara fassara wa mutanen baya abin da na ce, layi layi, bai rage komai ba. Wata tsohuwa ta yi salati, sannan ita ma ta kama dariya. Ya juyo gare ni ya ce, "Shekara talatin da biyar ban taɓa latti ba, sai yau ɗan Kaikai ya ce na yi. To ka yi ta'aziyya mun karɓa, Allah shi ba da lada. Yanzu faɗa mani da Hausa, mi na yi maka?"

Na karɓi lasifikar. Sai kawai na ji ina faɗin abin da ban rubuta ba, ban haddace ba. Na ce ina aji huɗu mahaifina ya cire ni don aikin gona ya yi mashi yawa. Malam ya tako keke har Kaikai cikin damina, bai yi wa Baba wa'azi ba, cire riga ya yi ya karɓi fartanya, suka yi noma tare tun hantsi har azahar. Asabar uku yana zuwa. A ta ukun Baba ya ce in ɗauki jakata in bi shi, kada ya kashe malamin mutane da aiki. Na ce duk awon da nake yi da tef yau, lissafin Malam ne a hannuna, da shi nake ciyar da 'ya'yana. Na ce, "Malam, na gode. Allah ya saka maka, ya ja da ranka."

Wannan karon shirun da aka yi na gaskiya ne. Malam ya cire tabarau yana gogewa da bakin rawani, ya daɗe yana gogewa. Da ya mayar, sai ya ce amin, musamman ga addu'ar ƙarshe, don ya ga yana bukatarta.

Bayan mako biyu ya tare a Kankia, ya zo shagona da yadi a hammata. Ya yi sallama ya ce marigayi ne ya zo a auna shi, amma babbar riga yake so, kada in yi ƙwazo in ɗinka likkafani. Ina awon, maƙwabta na leƙowa suna dariya.

Har yanzu ina zuwa aji, kuma Turancin ya ɗan zauna. Abin da na koya dai shi ne, godiya ba ta son kayan aro. In za ka yi ta, yi ta da bakin da ka san inda kowace kalma ta dosa. In kuwa ka nace sai ka yi da Turanci, to ka fara tabbatar da cewa mutumin da kake yabo zai fita daga jawabin da ransa.