Dutsen Zoben Kaka

Da aka raba kayan Kaka, ni na samu zoben azurfarta mai farin dutse, wanda kowace amarya a gidanmu take sawa ranar bikinta. Na yi ta bincike a waya, sannan na sanar wa dangi cewa lu'ulu'u ne daga Makka. Babu wanda ya musa. Gwaggo Asabe dai ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Da bikin ƙanwata Hadiza ya matso, na ga dutsen ya dusashe. Na matse lemun tsami a kofi, na jefa zoben, na bar shi ya kwana, hankalina kwance. Washegari azurfar tana ƙyalli, dutsen kuwa ya zaizaye kamar guntun alli, yana rawa a gurbinsa.

Gwaggo ta juya shi a tafin hannunta. "Ɗiyata, wannan ai dutsen cikin kan giwan ruwa ne. Kakanki ya ciro shi daga kifin da ya kama a Warra satin aurensu, don ba shi da halin sayen zinariya."

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Gwaggo?"

"Waya kika tambaya, ba ni ba."

Hadiza ta sa shi a haka, ba ta kuma kula ni ba sai bayan biki.

Har yau, duk ranar da aka dafa kifi a gidanmu, ni ake zuba wa kan kifin. Inna takan turo mini kwanon ta ce, "Ci a hankali, Hajiyar lu'ulu'u, kada ki haɗiye gadon jikoki."