Ranar da na bi sawun suga har Indiya

Har yau ina ganin laifin ilimi ne, ba nawa ba. Ranar ƙaramar Sallah na je gaida surukina, Alhaji, dillalin albasa a Illela, na tarar da baƙinsa daga Ƙonni suna shan shayi a zaure. Surukin kirki gaisuwa yake yi ya sunkuyar da kai. Amma da wani baƙo ya ce kalmar suga Turawa suka ƙirƙiro ta, sai na ji ba zan bari a zalunci tarihi a gabana ba.

Na karɓi kofin Alhaji zan haɗa masa, na gyara murya. Na ce Turawan Ingila wurin Faransawa suka aro ta, su kuma daga Larabawa ta gangaro musu, inda mu ma muka samo sukari, tushenta kuwa can Indiya. Duk ƙasar da na ambata sai in zuba suga cokali cike, don jaddadawa. Zaure ya yi tsit, na ɗauka na burge su.

Ina miƙa kofin, aminin Alhaji ya cafke hannuna: "Mi kake yi haka? Mutumin da likita ya hana wa zaƙi!"

Alhaji ya yi dariya har da hawaye, ya sa mini albarka, ni kuma na shanye abina. Bai taɓa faɗa wa 'yarsa ba, Allah ya saka masa. Sai dai har yau in na shiga zauren, tafin hannu yake sawa ya rufe kofinsa, ya ce, "Malam, yau wace ƙasa za mu?"