Jatau da Lambar da Ta Ƙi Ɓoyuwa

Jatau ɗan ƙanena ne, a hannuna ya girma. Yana da mata da 'ya'ya uku, amma har yau abin da aka gaya masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi. Daminar da amai da gudawa suka shigo garinmu, 'yarsa Ladidi na cikin waɗanda suka kwanta. Mai unguwa ya hana a kai labari, kada a rufe mana kasuwa. Ni kuwa na ce sai an kai, amma a ɓoye.

Wata rana na sa aka nuna masa yadda ake ɓoye lambar waya, na ce ya gwada mu gani. Ya kira surukinsa sau tara, duk sanda tsohon ya ɗauka sai Jatau ya yi gum. Tsohon ya yini yana tofa wa wayarsa addu'a. Da na yi faɗa, Jatau ya ce gwaji na ce masa, ban ce magana ba.

Wata rana kuma, wato washegari, na ba shi layin kyauta na ma'aikatan lafiya. Na ce ya ɓoye lamba, ya faɗi cutar, kada ya ambaci suna ko ɗaya. Ya kira ya ce ana amai da gudawa, ya kashe. Na tambaye shi ko ya faɗi garin.

"Gwaggo, ai garin ma suna gare shi."

Na wanke shi tas. Na ce daga yau duk wanda ya tambaye shi abu, ya ba shi amsa cikakkiya.

Ashe masu layin kyauta su ke biyan kuɗin kiran, don haka suna ganin lamba ko an ɓoye ta. Bayan la'asar, a ƙofar masallaci, wayar Jatau ta yi ƙara. Ma'aikaciyar ta yi tambaya, shi kuwa ya zayyana mata komai a gaban jama'a: garin, sunansa, har wanda ya hana a faɗa.

"Ga shi nan ma kusa da ni, Hajiya. In ba shi?"

Mai unguwa ya sunkuyar da kai. Sai Sallau mahauci ya karɓe wayar, ya ce 'ya'yansa biyu ne a kwance. Mutum shida suka bi bayansa. Kafin magariba motar asibiti ta iso da kayan ƙarin ruwa, kasuwa kuma ta yi mako biyu a rufe.

Da dabarata ta ci, da mun binne Ladidi, wannan ba na musu. Ranar da ta fara cin tuwo na gode wa Allah, na soya wa Jatau zakara sukutum, na ce nasa ne shi kaɗai. 'Ya'yansa na zaune suna kallo, ya cinye.