Ranar da Na Saki Jummai a Gaban Saude

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta farko a aikin koyarwa ba, don a cikinta na yi aure, a cikinta kuma na kusa kashe auren da bakina, alhali ko musu ba mu taɓa yi da matar ba.

A lokacin ina koyar da Hausa a wata sakandare a Birnin Kudu. Sabon fitowa ne ni daga kwaleji, kaina cike da jigo da salo da zubi da tsari. Ko 'yan acaɓa na gani suna cacar baki a bakin tasha, sai in tsaya ina neman wane ne tauraro a cikinsu. Amaryata Saude 'yar Fagam ce, can ƙasar Gwaram. Muna zaune a ɗan ciki da falo na haya, tabarma biyu da rediyo, kuma wallahi har yau ban ƙara jin daɗin zama irin na wannan gida ba.

Littafin wasan kwaikwayon da ake nazari kwafi ɗaya ne tal a makarantar, shi ma bangonsa ya tafi. Sai na ce ai da ni a gari yara ba za su rasa abin nazari ba (ka ji ƙarfin hali). Na zauna na rubuta nawa ɗan wasan, na wani Tanko da matarsa Jummai, don in nuna wa ɗalibai yadda rikici ke tasowa a hankali har ya kai ƙololuwa. A ƙololuwar Tanko ya saki Jummai.

Wata Lahadi da hantsi Saude na tsintar shinkafa, na miƙa mata shafin ƙarshe na ce ta zama Jummai, ina so in ji ko maganar ta zauna a baki. Ta karanta tana dariya. Na ɓata rai na ce mata adabi ba abin dariya ba ne, ta sa rai a ciki. Ta kuwa sa, har da kukan ƙarya. Ni ma na miƙe tsaye, na nuna ƙofa da yatsa, na ɗaga murya: "Jummai, tattara komatsanki ki tafi gidan ubanki. Na sake ki."

A ƙofar da na nuna, Gwaggo Dije ce tsaye, ƙanwar mahaifin Saude, da ƙullin daddawa da kuka a ka. Daga Fagam take. Ashe ta yi sallama har ta gaji.

Ta sauke kayan a hankali, ta yi salati, ta ce, "Saude, ɗauko mayafinki."

Na ce, "Gwaggo, ba ni ba ne, Tanko ne."

Ta duba falo, ta leƙa uwar ɗaka, ta ce, "Ina Tankon?"

Saude ta yi bayani, ni ma na yi, har takardar na nuna mata. Ta ce ita ba ta san takarda ba, kunnenta ta sani. Namiji ya dubi matarsa ya furta wannan kalma, ba za ta bari 'yarta ta kwana a ɗakin ba sai malamai sun yi magana. Ina ji ina gani suka hau motar Gwaram, Saude na waiwaye, dariyar ta koma hawaye na gaske.

A kwanakin da suka biyo baya ne tsoro ya shige ni. Na san saki ba a furta shi da wasa. Idan aka ce ya auku fa? Na shiga aji ina bayanin bambancin ɗan wasa da wanda yake kwaikwaya, zuciyata na cewa Allah ya sa Limamin Fagam ya yarda da wannan bambanci.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na isa Fagam da yayana. Zauren cike: Baba, wato surukina, da Liman, da dattawan unguwa, Gwaggo na bayan ƙyaure tana ba da shaida. Ni da ban taɓa ɗaga kai na dubi idon Baba ba, yau ga ni a tsakiya.

Na fara da abin da na iya, wato lacca. Na yi bayanin tauraro, na yi na fitowa, har na taɓo asalin wasan kwaikwayo daga tashe. Liman ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam, Allah ya ƙara sani, amma ban gane ba. Yi mana yadda aka yi, tun daga inda faɗan ya fara. Ka fuskanci bango."

Babu mai karanta Jummai, don haka ni ne mijin, ni ne matar. Na juya wa surukina baya, na maƙe murya na ce, "Haba maigida, me na yi maka?" Na ji wani dattijo ya kama tarin da ba na mura ba. Abin haushin, da na ji ana saurare sai ɗumi ya kama ni (wannan ciwon har yau ban warke ba). Na manta inda nake, na manta kuma cewa a gida shafin ƙarshe kawai muka karanta. Harshena ya zarce cikin muryar Tanko: "Je ki gidan ubanki marowaci, mai rataye takalmi a wuya ya taka zuwa kasuwa ƙafa a ƙasa don kada takalmin ya cinye."

Duk Fagam mutum ɗaya ne ke zuwa kasuwa da takalmi a wuya, kuma yana zaune a bayana.

Liman ya gyara murya ya ce, "Wane ne ya rubuta littafin nan?"

Na ce wa bango, "Ni ne."

Yayana ya ce da ƙasa za ta tsage a ranar, da shi zai riga ni shiga.

Liman ya tambaye ni sunan da na kira, na ce Jummai. Ya tambaye ni ko na nufi matata, na rantse ban nufe ta ba. Ya ce to, labarin wani na maimaita, aure na nan, amma in nemi wani abin karantawa da iyalina. Na so in ji sanyi, amma saura hukuncin Baba, kuma a gidansa Saude take.

Can ya ce, ba tare da fushi ba, "Malam, juyo. Takalmin nan ba rowa ba ce. Tun ciwon da na yi ƙafar ke kumbura, in na yi tafiya da shi sai ya ci ni. Ina ɗauka ne don in na isa cikin mutane in sa, kada 'ya'yana su ji kunya. Ka gyara wurin kafin yara su karanta." Sannan ya ɗaga murya kaɗan: "Dije, kirawo masa matarsa."

Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

A mota, da muka kusa Birnin Kudu, Saude ta maƙe murya ta ce, "Haba maigida, me na yi maka?" Ashe duk matan gidan suna bayan zaure suna ji.

Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, kuma ina kewarsa fiye da yadda na taɓa nuna masa. Ya aurar mini da Saude sau ɗaya, ya sake ba ni ita a ranar da na fi cancantar a hana ni. Har yanzu ina koyar da nazarin wasan kwaikwayo, kuma nakan ce wa ɗalibai kada su yanke wa tauraro hukunci sai sun nemi dalilinsa. Idan kuwa karatu ya kawo mu wurin saki, sai in rufe bakina in miƙa littafin ga wanda ba shi da mata.