Burkutun Orozo da Littafin Ladi

A ƙungiyarmu ta karatu a Gwarinpa, wanda ya zaɓi littafin wata shi ke kawo abin shan da ya dace da shi. Da layi ya zo kaina, na zaɓi wani labari mai zane-zane kan manoman dawa. Littafin na Ladi ne, mai masaukinmu, kuma ba ka taɓa shi sai ka wanke hannu. Na ce labarin dawa ya fi ƙarfin giyar kwalba, sai burkutu. Na tuƙa mota har Orozo, inda ake dafa shi.

Matar da ke dafawa ta cika mini jarka, ta ce, "Ɗana, kada ka ɗaure murfin. Abin nan yana numfashi."

Na yi murmushi. Ni za a koya wa, da kakata ta tsufa a wannan sana'a? Na murɗe murfin tam saboda kujerun motata, na bar jarkar cikin ranar Abuja har la'asar.

A falon Ladi na buɗe shafin da ya fi kyau, na ajiye jarkar gefensa, na yi dogon jawabi kan ƙamshin dawa. Sannan na kwance murfin.

Murfin ya daki silin. Burkutun ya bi shi, ya sauko kan shafin da kan kowa.

Ladi ta ɗaga littafinta yana ɗiga, ta ce, "Oga, ci gaba da jawabin, muna jin ƙamshin."

Har yau, ko ruwan gora zan buɗe, sai kowa ya cusa littafinsa cikin riga.