Tarin Mota da Tarin Baba

"…lahiya lau, ɓarawon goro. Wa ya mutu ka tashe mu da sassahe?"

"Kai nike jira, tsoho, ka ƙi."

Haka baba Attahiru da jikansa Tanimu sunka gaisa a ƙofar gidanmu nan Barmu. Ni ce Sauda, ɗiyar tsohon. Ni ke wanke ƙyallen da yake tari a ciki, kuma tun lokacin kaka nike ganin jini. Tanimu ɗana ne. Jiya ya iso da bashe, tsohuwar motar kaya da ya saya hannun wani nasara mai komawa gida, don ya kai kakansa likita a Tawa. Baba ya ce sai dai a kai gawarsa.

Tanimu ya murɗa makulli. Wayyo, sai ƙwaram-ƙwaram kamar an zuba tsakuwa cikin tasa, ga hayaƙi, sannan ta mutu. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Wagga za ta kai ni likita? Ku fara kai ta."

"Tsararka ce, sai ku sha hira a hanya."

"Nasara ya samu wawa, ya sauke mishi shara."

"Kowa cewa yake wawan da kai ya yi kama."

Daga nan baba ya kafa sharaɗi: in motar ta bar tarinta kafin rana ta taɓa kan rumbu zai shiga, in ba ta bari ba a ƙyale shi ya mutu a ɗakinsa. Tanimu ya yarda. Amma sai ya raɗa mini cewa bai taɓa tada ta da sanyin safiya ba, bai san ko kukan lalacewa ne ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Ya sake murɗawa, ta sake kakari. To, baba makiyayi ne tun tasowarsa, ba ya iya jin maraƙi na kakari cikin sanyi ya zauna. Ya yi tsaki, ya ƙara tsaki, can sai ya miƙe ya tura kaskon garwashin da yake jin ɗumi da shi ƙarƙashin motar, ya yaye bargonsa ya lulluɓe mata hanci.

"Mugu, haka ake tada dabba ba a ɗumama ta ba? Ko jaki ba ni ba ka kiwo."

Bayan ɗan lokaci Tanimu ya janye kaskon ya murɗa. Ta yi ƙwaram kaɗan, sai muryarta ta daidaita. Rana ko kusa da rumbu ba ta kai ba.

Tanimu bai yi dariya ba. "Nata ya tsaya, tsoho. Naka fa?"

Baba ya dubi kaskon, ya dube ni, ya gane abin da ya yi wa kansa. Ya kece da dariya, ya ciro goro a aljihu ya jefa masa.

"Ungo, yau ba sai ka sata ba. Sauda, ɗauko mini bargona. Ita ta warke, saura ni."